Ranar da Gwaggo Ta Gudu da Tsutsar Teku

In dai ina da rai da hankalina, ba zan manta da jajibirin sunan ɗana na fari ba. Yaron yanzu ya girma har yana yi mini gardamar ƙwallo, amma duk ranar da na bi hanyar Roni a kan mashin sai abin ya dawo mini sabo fil. Ranar ce na bar ragon suna ɗaure a ƙofar gida, na bar baƙi cike da tsakar gida, na yini ina bin sawun wata tsutsa wadda tsawonta bai wuce ɗan yatsana ba.

Tsutsar ta ƙanwata ce, autarmu. Mu mutanen Kazaure ne, babban ruwan da muka tashi muka sani shi ne na dam, shi ma daga nesa muke gaishe shi. Amma ita wannan yarinya tun tana ƙarama ba ta ganin ƙwaro ta wuce. Da ta girma sai ta tafi kudu karatun halittun ruwa, daga nan kuma muka ji wai ta shiga jirgin masu bincike sun nausa cikin teku. Na sha tsokanarta a waya, ina cewa duk tsutsar da ke cinye mana wake a gona ba ta ishe ta ba, sai ta je ta nemo wadda ba ta taɓa yi wa kowa laifi ba. Dariya kawai take yi, ta ce in jira in gani.

To, na gani. Ta iso gida ana saura kwana kaɗan suna, kafin ta tafi jami'a a Kano, inda akwai kayan aikin da za ta duba abin da ta samo. Bayan la'asar ta ja ni gindin darbejiyar ƙofar gida, ta kwance wani baƙin tsumma, ta fito da 'yar kwalba irin ta zuma. A ciki akwai ruwa garai-garai, da 'yar takarda mai rubutun fensir, da wani abu fari-fari shimfiɗaɗɗe kamar ƙaramin ganye. Na ce mata, "Ke auta, wannan ai tsila ce. Kin je har teku kin ɗebo mana tsila?"

Ba ta yi fushi ba, don ta saba da bakina. Ta buɗe waya ta nuna mini hoton abin lokacin yana da rai, ja-jawur kamar manja, har ana hango kayan cikinsa ta fata. Ta ce ruwan maganin da ke cikin kwalbar ne ya koɗar da ita. Ta ce 'yan uwan wannan tsutsa suna zaune a bakin teku, ƙarƙashin duwatsu da cikin laka, wasu dogaye sosai, amma ita irin wannan ta bar ƙasa gaba ɗaya. Tana can tsakiyar ruwa, a zurfin da hasken rana ba ya kaiwa, ba ta hawa sama kuma ba ta sauka ƙasa. Jikinta kusan duk ruwa ne, shi ya sa ba ta nutsewa, sai dai ta kaɗa 'yar jelarta ruwa ya tafi da ita inda ya ga dama. Ba ta da ido. A cikin jikinta akwai wani dogon abu kamar harshe a naɗe, da 'yan ƙayoyi a jikinsa, in ƙaramin jatan lande ya gifta sai ta harbo shi ta cafke.

Na tambaye ta me ya sa take riƙe kwalbar da hannu bibbiyu. Nan fuskarta ta canja. Ta ce ana sauke raga can ƙasa a jawo, kuma kafin ragar ta iso sama irin waɗannan halittu sun dagargaje, sai dai a tsinci guntu-guntu. A duk tafiyar da suka yi, wannan kaɗai ce ta fito cikakkiya, kai da jela. Tana kuma zaton ba irin waɗanda aka riga aka sani ba ce, amma ba za ta iya faɗa ba sai ta yayyanka ta siriri-siriri ta duba tsarin kanta a madubin likita. A kan wannan aikin digirinta na uku ya rataya. Na ce Allah ya taimaka, na tashi na koma lissafin buhun shinkafa da kujerun haya.

Sai batun Gwaggo. Yayar mahaifinmu ce, kuma ita ta goyi auta bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ta zo daga ƙauyensu na ƙasar Gwiwa don yi wa maiɗakina wankan jego. Mace ce 'yar firit, ba ta da yawan magana, amma in ta ƙudurta abu ko mahaifinmu bai taɓa iya juya ta ba. A kwanakin nan kuwa hankalinta ba a kwance yake ba, don jaririn ya ƙi kama nono sosai, kuka yake ta yi. Mun kai shi asibiti an ce babu komai, zafin gari ne da ciwon ciki irin na jarirai. Gwaggo ta ji, ta gyaɗa kai, amma na san ba ta yarda ba. Tana ta tofi, tana turara ɗaki, tana kallon duk matar da ta shigo barka tun daga ɗankwali har takalmi.

Gida ya cika, babu wurin kwana, don haka auta ta shimfiɗa tabarmarta a ɗakin mai jego tare da Gwaggo. Kwalbar ba ta son zafi, ba ta son haske, ga yara ko'ina suna guje-guje. Sai ta naɗe ta da baƙin tsumman nan, ta saka a baƙar leda, ta tura can ƙuryar ƙarƙashin gado. A wurinta wannan dabara ce mai kyau. Yanzu kuwa da nake ba da labarin, ko ni da na san komai sai da tsigar jikina ta tashi: baƙar leda, baƙin tsumma, kwalba, rubutu a cikin ruwa, ƙarƙashin gadon da jariri ke kuka a kai.

Da safe ina tsaye da mahauci muna duba rago, sai ga auta ta fito ko takalmi babu. Ta ce, "Yaya, kwalbar ba ta nan. Gwaggo ma ba ta nan." Na shiga ciki, maiɗakina ta ce cikin barci ta ji Gwaggo tana shara bayan sallar asuba, ta ji ta yi salati da ƙarfi, daga nan ba ta ƙara jin motsinta ba. Wayar Gwaggo tana kan taga. Tukunyar ruwan wanka tana kan murhu, wuta ta mutu a ƙarƙashinta. Wannan shi ya fi ba ni tsoro, domin Gwaggo ba ta taɓa wasa da ruwan wankan jego ba.

Duk da haka dariya ce ta fara kama ni, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Shi ke nan, Gwaggo ta kama asiri." Auta ta kalle ni, idanunta sun kaɗa. Dariyar ta koma ciki. Na bar mahauci da rago a hannun wani abokina, na tayar da mashin, ta hau baya.

A tasha ba mu sha wahala ba, don tsohuwa mai sauri da sassafe ba ta ɓuya. Wani ɗan acaɓa ya ce shi ya kai ta Roni, ƙofar gidan wani tsohon malami. Ya ce, "Ni na ɗauka ma ba ta da lafiya. Tun da ta hau take dafe da ciki, kuma ta ce kada in bari jikina ya taɓa nata." Ban kawo komai a raina ba a lokacin. Na san malamin, aminin marigayi mijinta ne, don haka muka kama hanya.

Bazara ce, tun da hantsi iska ta zama kamar ta bakin tanda. Ina tuƙi wayata tana ta ruri a aljihu, masu kujeru, masu girki, surukaina da suka taso daga Babura suna tambayar kwatance. Auta kuwa a bayana ba ta yi shiru ba. Wani lokaci addu'a, wani lokaci faɗa. Tana cewa yau sai ta gaya wa Gwaggo gaskiya, an daina wannan zamanin, ba komai ne aka gani ba a sani ba zai zama asiri. Ta ce ta yi amai a jirgi har ta ɗauka mutuwa za ta yi, ta tsaya a kan ƙafafunta tana tace abin da raga ta kawo har yatsunta suka daina ji, sai a zo a rana ɗaya a zubar mata a juji. Duk ramin da muka faɗa sai ta ƙanƙame rigata ta ce, "Yaya, abin nan fa tun da Allah ya halicce shi bai taɓa gogar abu mai tauri ba. Ko bango bai sani ba. Yanzu ga shi a kan mashin." Ni dai ina ƙara wuta, zuciyata tana ta tafasa, ban san ko haushin wa nake ji ba.

Mun tarar da malamin a zaure. Wanda bai taɓa sauri ya faɗa hannun tsoho ba bai san haƙuri ba. Muka durƙusa, aka shiga gaisuwa. Ya gida, ya mai jego, ya ɗan baƙo, ya zafi, ya mahaifinmu da ƙafarsa. Ya sa aka kawo ruwa, ya ce sai mun sha. Auta tana durƙushe a bayana, ina jin numfashinta. Sai da ya gama tsaf, sannan na ce, "Allah ya gafarta malam, ko Gwaggo ta biyo ta nan?"

Ya ce ta zo. Ta nuna masa abin daga bakin ƙofa, ta ƙi yarda ya karɓa. Ya ce, "Na ga takarda a cikin ruwa, rubutun ba namu ba ne. Na ce mata ni ban san wannan ba, ta koma ta tambayi mutanen gida. Sai ta ce, in a cikin masu shigowa gidan ne wanda ya ajiye fa? Ta ce za ta kai shi inda ƙafar mutum ba ta zuwa, ta binne, kuma ko ni ba za ta gaya wa wurin ba." Da auta ta yi masa bayani a gurguje, ya riƙe haɓa ya ce ikon Allah, sannan ya ce mu yi sauri, ya san halinta.

Ni ma na san halinta. In Gwaggo ta rufe rami ta ce ba za ta nuna ba, to an gama. Ba za ta yarda da bayanin kowa ba, cewa za ta yi an juya mana tunani ne. Dole mu same ta kafin ta mayar da ƙasa.

Daga Roni muka bar kwalta muka hau burji zuwa ƙauyenta. Gidanta a rufe. Maƙwabciyarta ta ce ta zo ta ari fartanya daga bakin zaure, ko shiga ba ta yi ba, ko ruwa ta ƙi karɓa. Muka yi ta zagaye a gonaki, babu shuka babu inuwa, sai ƙasa fayau da duwatsu. Mashin ya fara tari, ni ma na fara sakin maganganu. Na ce wa auta da ta ajiye tsutsarta a wurin masu teku da yanzu ina gida ina cin tuwon suna. Can muka haɗu da wata Bafulatana da ƙwaryar nono a ka, ta nuna mana wasu duwatsu a bayan gonakin gari, ta ce ta ga wata tsohuwa ta nufi can ita kaɗai.

Muka jingine mashin muka hau da ƙafa. Kafin mu gan ta muka fara jin ƙarar fartanya tana dukan busasshiyar ƙasa. Tana tsakanin wasu manyan duwatsu biyu, a sunkuye, ɗankwalinta ya zame, ramin ya kai gwiwa. Auta ta wuce ni da gudu, na ce a raina yau za a yi ta. Gwaggo ta ɗago ta gan mu, ta yar da fartanya, ta ɗaga hannu ta daka mana tsawa irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba: "Kada ku matso! Auta, koma baya! Kai, ja ta ku koma!"

Sai a lokacin na lura babu leda a ƙasa, babu a hannunta. Kwalbar tana ɗaure a cikinta, ƙarƙashin riga, ta tamke ta da gyale. Gaban zaninta ya jiƙe, kuma wani wari mai yaji yana tashi har inda muke. Ashe da asuba ta murɗa murfin don ta sansana, ba ta mayar da shi daidai ba. Tun daga Kazaure ruwan maganin yake tsattsafowa a fatarta.

Auta ta tsaya cak. Ta ce, "Gwaggo, ba ya yi miki zafi?"

Gwaggo ta ce, "Tun a Roni yake ci na kamar wuta. Na san aikinsa ne ya fara. Shi ya sa na ɗaure shi a jikina, kada ya sami wani a hanya. Na ce in dai sai ya kama mutum, to ga ni, ni na ci zamanina. Yaron nan ko suna ba a raɗa masa ba."

Duk maganganun da auta ta tara tun daga Kazaure, ko ɗaya ban ji ba. Ta durƙusa a bakin ramin ta ce, "Gwaggo, nawa ne. Ni na ajiye. Kayan karatuna ne." Ta kwance gyalen da hannunta, ta miƙo mini kwalbar ko kallonta ba ta yi ba, ta ce in juya baya. Ruwan ledar da muka saya a hanya duk a cikin Gwaggo ya ƙare. Ina jin auta tana cewa fatar ta yi ja, sai an je kemis, Gwaggo kuma tana ta maimaita, "Naki ne? Ke da kanki?"

Da aka gama muka zauna a inuwar dutse. Auta ta buɗe waya ta nuna mata hoton, ta yi mata bayanin da ta yi mini, amma a hankali, kamar mai lallashin yaro. Gwaggo ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ba ta da rami? Ba ta da inda take komawa ta kwanta?" Auta ta ce babu, haka take a tsakiyar ruwa cikin duhu har ta mutu. Gwaggo ta ce, "Kuma tana samun abinci?" Aka ce mata tana samu. Ta girgiza kai ta ce, "Allah mai ciyar da bayinsa. Ni kuwa na ɗauke ta mugun abu." Sai kunya ta kama ta, ta fara jan bakin zani, ta kasa haɗa ido da mu. Ta ce da ƙaramar murya, "To, ban dai ɓata miki ita ba ko?"

Kwalbar tana hannuna, kuma na riga na duba. Ruwan ya ragu sosai, iska ta shiga, ga jijjigar hanya tun safe. Abin da na gani shimfiɗe kamar ganye a gindin darbejiya ya rabu, wajen kan ya zama dusa-dusa yana yawo a cikin ruwa. Na miƙa wa auta. Ta ɗaga ta sama, ta juya ta, ta ƙara juyawa. Ta ɗaure murfin tamau, ta naɗe da tsumma, ta dube ni da wani irin kallo da ya ce in kama bakina, sannan ta yi murmushi ta ce, "Lafiyarta ƙalau, Gwaggo. Ai kin riƙe ta da kyau."

Gwaggo ta ce alhamdulillahi, ta miƙe tana kakkaɓe zani, ta ce mu tashi, ta bar mai jego ba wanka.

Haka muka dawo, Gwaggo a bayana, auta a kan wani acaɓa da kwalba a cinya. An yi suna lafiya. Yaron ya kama nono da kansa, Gwaggo kuwa har yau tana ganin da hannunta a ciki, ba mai yi mata musu. Auta ta yi rawa a wurin suna, ta raba abinci, ta yi hoto da kowa. Sai da na kai ta tasha za ta wuce Kano, muna jiran mota ta cika, sannan ta kifa kai a kafaɗata ta yi kukan da ban taɓa ganin ta yi ba tun tana yarinya. A Kano an tabbatar mata abin da ta riga ta sani, wajen da take bukata ya lalace. Ko sabuwar iri ce ko ba sabuwa ba, babu wanda zai ƙara sani. Aikinta ya koma baya, abokan karatunta suka gama suka bar ta tana jiran wani jirgin. Ta gama daga baya, amma da wani aikin daban, kuma ba ta sake samun irin waccan cikakkiya ba.

Na taɓa tambayarta ko ba za ta gaya wa Gwaggo gaskiya ba, ko don gaba. Ta ce, "Yaya, matar da ta ɗaura mutuwa a cikinta saboda ɗanka, ni zan je in ce mata ta yi mini asara?" Ban ƙara tayar da maganar ba. Gwaggo ba ta karatun boko, kuma na amince ku masu karantawa ba za ku kai mata ba.

Ni mutum ne mai saurin fushi, har gobe. Amma tun daga ranar, in wani ya yi mini ɓarna, kafin in buɗe baki nakan tsaya in tambayi kaina me shi yake zaton yana yi. Sau da yawa nakan tarar ni asarata kawai nake gani, shi kuwa yana can yana ƙoƙarin tare mini wani abu da jikinsa. Wannan na koya daga Gwaggo. Daga auta kuma na koyi cewa wani lokaci kana da gaskiya, kana da hujja a hannu, amma abin da ya fi shi ne ka ɗaure murfin, ka ce wa tsohuwa ta riƙe da kyau.